Kashe Na'urar Lura da Iskar Taya: Abin da Doka Ta Hana da Abin da Ta Bar wa Mai Mota

A cikin kowace ƙaramar mota da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga watan Satumban 2007, da wadda aka yi wa sabuwar rajista a ƙasashen Tarayyar Turai daga watan Nuwamban 2014, akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a allon da ke gaban direba, galibi mai siffar tayar da aka yanka gida biyu da alamar motsin rai a tsakiyarta, wadda aikinta shi ne ta sanar da direba cewa iskar ɗaya daga cikin tayoyinsa ta ragu har ta kai matakin haɗari. Wannan fitila ita ce ɓangaren da ido ke gani na wani tsari da masu ƙera motoci ke kira TPMS a taƙaice, wato tsarin lura da matsin iskar taya, kuma tun da aka wajabta shi ake samun masu motocin da ke neman hanyar kashe shi, wasu saboda tsadar gyaransa, wasu saboda ya dame su da gargaɗin da suke ganin ba shi da tushe. Tambayar ko doka ta yarda da hakan ba ta da amsa guda ɗaya, domin hukuncin yana sauyawa gwargwadon hannun da ya yi aikin, da ƙasar da motar ke ciki, da kuma shekarar da ta fara hawa titi. Sai dai akwai abin da ba ya sauyawa a ko'ina, wato halin tayar da ke gudu da ƙarancin iska a kan kwalta mai zafi, kuma a kan wannan ne ya kamata a auna duk wata dama da doka ta bari a buɗe.

Asalin dokar

Ba gasar kasuwa ce ta sanya wannan na'ura a cikin motocin talakawa ba, mace-mace ne suka sanya ta. An fara ganinta a motocin alfarma, irin su Porsche 959 ta shekarar 1986, amma ta ci gaba da zama kayan ƙawa har zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka riƙa samun rahotannin motocin Ford Explorer masu ɗauke da tayoyin Firestone suna kifewa a kan manyan hanyoyi bayan fatar saman tayar ta saɓule daga jikinta ana cikin gudu. Matsalar ta fi bayyana a wurare masu zafi, kamar Saudiyya da Benezuwela da jihohin kudancin Amurka irin su Texas da Florida da Arizona, kuma kamfanin Ford ya fara sauya tayoyin a wasu ƙasashen waje tun kafin hukumomin Amurka su san girman lamarin. A watan Agustan 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, sannan a watan Mayun 2001 Ford ya ba da sanarwar sauya wasu miliyan 13, yayin da hukumar kula da lafiyar zirga-zirga a manyan hanyoyin Amurka, wadda aka sani da NHTSA, ta danganta mutuwar mutum 271 da waɗannan tayoyi.

Kamfanonin biyu sun ɗora wa juna laifi, kuma yawan iska na cikin manyan abubuwan da suka yi jayayya a kai: Ford ya shawarci direbobi su sa 26 a ma'aunin PSI, wanda shi ne ma'aunin da ke jikin gejin masu faci, Firestone kuma daga baya ya ce 30 ce ta dace. Ko da yake an gano lahani a ƙirar tayoyin, musamman waɗanda suka fito daga masana'antar garin Decatur a jihar Illinois, binciken ya nuna cewa ƙarancin iska yana ƙara zafin da ke raba sassan taya. Dalilin kuwa shi ne, tayar da ba ta cika ba takan riƙa lanƙwashewa a gefenta a kowane juyi fiye da yadda aka tsara mata, wannan lanƙwashewa kuma tana haifar da zafi a cikin roba, har ya raunana haɗin da ke tsakanin robar da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. Majalisar dokokin Amurka ta amsa da dokar TREAD, wadda Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu ranar 1 ga Nuwamban 2000, kuma a cikinta aka umurci hukumar NHTSA ta wajabta na'urar da za ta gargaɗi direba idan iskar taya ta yi ƙasa sosai.

Aiwatar da umurnin bai zo da sauƙi ba. Ƙa'idar farko da hukumar ta fitar a 2002 ta ba kamfanoni zaɓin tsari mai rauni, wanda ba lallai ne ya gane ba idan tayoyi da yawa suka rasa iska tare, sai ƙungiyoyin kare masu saye, ciki har da Public Citizen, suka garzaya kotu, inda wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ƙa'idar a 2003. Wadda ta maye gurbinta a 2005, mai lamba 138 a jerin ƙa'idojin lafiyar motoci na tarayya, ta tanadi cewa duk motar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 4,536 ba dole ne ta kunna fitilar gargaɗi cikin minti 20 idan iskar taya ɗaya, ko duka huɗun, ta ragu da kashi 25 cikin ɗari daga adadin da kamfani ya ƙayyade. Ma'ana, idan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce 32, fitilar za ta kama ne sa'ad da iskar ta sauka zuwa 24, wanda ke nuna cewa na'urar ba ta maye gurbin awon geji ba, ƙararrawar ƙarshe ce kawai kafin ɓarna.

Yadda na'urar ke aiki

Tsarin iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana da muhimmanci ga fahimtar dalilin da ya sa ake kashe shi. Na farko shi ne na kai tsaye, inda ake ɗaura wata 'yar na'ura mai jin matsin iska, wadda makanikai ke kira sensa, a cikin kowace taya, galibi a gindin bawul ɗin da ake dura iska ta cikinsa. Sensar tana auna matsin iska da zafinta, sannan ta aika da saƙo ta iska zuwa kwamfutar motar, a kan zangon megahaz 315 a yawancin motocin Amurka da 433 a na Turai, kowace kuma tana da lambarta da motar ke gane ta da ita. Ƙaramin batir ne ke ba ta wuta, kuma a rufe yake ruf a cikin jikinta, ta yadda idan ya mutu, bayan shekara biyar zuwa goma a mafi yawan lokuta, sai an sauya sensar gaba ɗaya, a kwance tayar daga kan ƙarfenta, sannan a koya wa kwamfutar motar sabuwar lambar.

Na biyu shi ne wanda ba na kai tsaye ba, wanda ake samu a motocin Volkswagen da dama da wasu na Honda, kuma ba shi da komai a cikin taya. Yana dogara ne da na'urorin ƙirga juyin ƙafafun mota da tsarin burkin ABS ke amfani da su, wato tsarin da ke hana ƙafafun ƙullewa idan an taka burki da ƙarfi, domin tayar da ta rasa iska takan ɗan ƙanƙance, saboda haka takan yi juyi fiye da 'yan'uwanta a tafiya guda. Wannan tsari ba shi da batirin da zai mutu, amma yana buƙatar direba ya danna maɓallin saitawa duk lokacin da aka gyara iskar tayoyin ko aka sauya musu wuri, kuma idan aka danna maɓallin alhali tayoyin ba su cika ba, motar za ta ɗauki wannan ƙarancin a matsayin daidai. Maɓallin na saitawa ne, ba na kashewa ba ne, amma wanda ke danna shi domin kawai fitilar ta mutu ya kashe amfanin tsarin ba tare da ya taɓa waya ko ɗaya ba.

Fitilar kanta tana da harshe biyu da direbobi da yawa ba su bambanta su. Idan ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. Idan kuma ta yi ta ƙiftawa na tsawon daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan an tayar da mota, sannan ta tsaya a kunne, to tsarin ne da kansa ya sami matsala, kamar mutuwar batirin sensa ko sanya ƙafar da ba ta da sensa.

Dalilan masu kashewa

Ba duk masu son rabuwa da wannan na'ura ne marasa hujja ba. A ƙasashen sanyi, mai mota yakan ajiye tayoyi na musamman na lokacin ƙanƙara a kan nasu ƙarafunan, sayen ƙarin sensa huɗu da biyan kuɗin saita su kuma nauyi ne a kan aljihu. Masu tuƙi a cikin rairayi ko duwatsu sukan rage iskar tayoyinsu da gangan domin taya ta shimfiɗu ta kama ƙasa, sai fitilar ta kama duk tsawon tafiyar. Bawul ɗin sensa na alminiyom yakan yi tsatsa ya manne idan aka sa masa murfin wani ƙarfe daban, har ya karye wurin kwancewa, haka kuma wasu ruwayen toshe huda da ake durawa cikin taya sukan lalata sensar. Sannan akwai sauyin yanayi, domin matsin iska yana raguwa da kusan PSI ɗaya a duk lokacin da zafi ya sauka da digiri biyar da rabi a ma'aunin Salshiyas, wanda ke sa fitilar ta kama da sanyin safiya ta mutu da hantsi, har direba ya yanke cewa ƙarya take yi, alhali tana gaya masa ne cewa iskar tana dab da iyakar haɗari. Akwai ma masu damuwa da sirri, tun bayan da masu bincike na Jami'ar Rutgers da Jami'ar South Carolina suka nuna a 2010 cewa ana iya kama saƙon sensa daga nisan kusan mita 40.

Hanyoyin kashewar kuwa sun kama daga manna baƙin tef a kan fitilar, zuwa sauya saitin kwamfutar motar, zuwa sayen na'urar da ke aika saƙon bogi cewa komai lafiya. Dukkansu abu ɗaya suke yi, wato suna kawar da gargaɗin su bar sanadinsa, kuma mafi muni a cikinsu shi ne wanda ba ya barin wata alama, domin wanda ya ari motar ko ya saye ta daga baya zai ɗauka akwai mai gadin tayoyinsa, alhali babu.

Hukuncin Amurka: bambanci tsakanin mai sana'a da mai mota

Dokar tarayyar Amurka, a sashe na 30122 na babi na 49 na kundin dokokin ƙasar, ta haramta wa kamfanin ƙera mota, da mai rarrabawa, da dila, da kamfanin ba da hayar motoci, da gareji ko shagon gyara, su lalata aikin duk wata na'urar kariya da aka sanya a mota domin cika ƙa'idar tarayya, matuƙar suna sane da abin da suke yi. A gyaran da aka yi a 2015, an ɗaga iyakar tarar kowane laifi guda zuwa dala 21,000, kuma ana ɗaga ta lokaci zuwa lokaci gwargwadon hauhawar farashi. Abin lura shi ne, ba a ambaci mai motar a cikin wannan jeri ba, saboda haka wanda ya cire sensa da hannunsa a ƙofar gidansa bai karya dokar tarayya ba, amma makanikin da ya yi masa wannan aikin a kan lada ya karya ta, ko da kuwa mai motar ne ya roƙe shi, ko ya sa hannu a takardar cewa ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

A 2011 hukumar NHTSA ta yi wa ƙungiyar masu sana'ar taya ta ƙasar bayani a rubuce kan yadda wannan sashe ke aiki a cikin shago. Idan mota ta zo da sensar da ta riga ta mutu, kuma mai ita ya ƙi sayen sabuwa, shagon zai iya sa masa bawul na roba na yau da kullum ba tare da ya yi laifi ba, domin ba shi ne ya kashe tsarin ba, amma ba shi da ikon kashe fitilar da ke nuna matsalar. Idan kuwa motar ta zo da tsarinta yana aiki, mai ita ya sayi sababbin ƙafafu ya ce ba ya son sensa a cikinsu, to shagon da ya ɗaura su ya saɓa wa doka, sai dai ya mayar da tsofaffin sensar cikin sababbin ƙafafun, ko ya sayar masa da wasu, ko ya ƙi aikin. Hikimar rarrabewa tsakanin mai sana'a da mai mota ita ce, gwamnatin tarayya tana da iko a kan ƙera motoci da cinikinsu, yayin da yadda ake amfani da mota bayan an saye ta ya rage ga jihohi, jihohin kuma sun sha bamban: wasu ba su yin binciken lafiyar mota na shekara-shekara sam, wasu suna yi amma ba su kayar da mota saboda wannan fitila, kaɗan kuma sun sanya ta cikin abubuwan da ake dubawa. Ko a inda babu mai dubawa, wanda ya kashe na'urar kariya da gangan, sannan fashewar tayarsa ta jawo asarar rai ko dukiya, ya ba lauyan wanda aka cutar hujjar da zai kafa a kan sakaci.

Turai da sauran ƙasashe

A Turai an ɗaure mai motar ta wata hanya daban, wato ta gwajin lafiyar mota na wajibi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 661 ta 2009 ta wajabta tsarin a kan sababbin samfuran ƙananan motoci daga Nuwamban 2012, da kuma duk sababbin motocin da za a yi wa rajista daga Nuwamban 2014, tare da iyakar gargaɗi ta kashi 20 cikin ɗari, wadda ta fi ta Amurka tsauri, kuma ba kare rayuka kaɗai aka yi nufi ba, har da rage shan mai da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wata doka ta 2019 ta faɗaɗa wajibcin zuwa manyan motocin kaya da bas-bas da tireloli, inda ya shafi duk sababbin rajista daga Yulin 2024. A Birtaniya, motar da ta fara aiki daga 1 ga Janairun 2012 tana faɗuwa gwajin shekara-shekara na MOT idan tana da wannan tsari kuma ba ya aiki, a Jamus kuma tun daga Mayun 2018 ana ɗaukar rashin aikinsa a matsayin babban lahani da ke hana mota samun shaidar gwaji har sai an gyara. Ƙasar Sin ta wajabta shi a kan duk ƙananan motocin da ake ƙerawa daga 2020, yayin da Kanada, duk da maƙwabtaka da Amurka, ba ta sanya shi cikin ƙa'idojinta na tarayya ba.

Motocin da suka tsallako teku

Wannan batu ya shafi hanyoyin Nijeriya da Nijar da Gana kai tsaye, domin kaso mai yawa na motocin da ke shigowa ta tashoshin Legas da Kwatano da Tema tsofaffi ne daga Amurka da Turai, kuma da yawansu sun haura shekara goma, daidai lokacin da batiran sensa ke ƙarewa. Dokar da ta ɗaure garejin Texas ko mai mota a Jamus ba ta bin mota zuwa Kano ko Maraɗi, saboda haka fitilar takan zauna a kunne shekara da shekaru har ido ya saba da ita, ko kuma a rufe ta kafin a kai motar kasuwa. A wurin mai faci ma sensa takan gamu da ajalinta, idan aka zura ƙarfen ɓamɓare taya ta daidai gindin bawul ba tare da sanin akwai na'ura a wurin ba, sai a ji ta karye, a cusa bawul na roba a wuce. Akwai kuma al'adar dura iska har 40 ko fiye a tayar da kamfani ya ƙayyade wa 32, wani lokaci bisa lambar da ke rubuce a gefen tayar, alhali wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, adadin da ya dace da motar kuwa yana jikin ƙofar direba. Idan aka haɗa wannan da zafin bazara, da lodin da ya wuce kima, da tsofaffin tayoyi, za a gane dalilin da ya sa fashewar taya ke cikin musabbaban haɗurran da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ke lissafawa a rahotanninta.

Abin da ya rage a wuyan direba

Hujjar amfanin na'urar ba ta da rauni. Binciken da NHTSA ta yi a 2001 ya gano cewa kashi 27 cikin ɗari na ƙananan motocin da aka duba suna da aƙalla taya ɗaya mai ƙarancin iska sosai, wani nazarin hukumar na 2012 kuma ya nuna cewa samuwar tsarin ta rage yiwuwar irin wannan ƙaranci da fiye da rabi. Tayoyin zamani suna iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarsu ido bai gani ba, masu iya tafiya bayan huda kuwa, waɗanda aka ƙarfafa gefensu domin su ɗauki mota kimanin kilomita 80 babu iska, ba su da wata hanyar sanar da direba halin da suke ciki in ba wannan fitila ba. Ƙarancin iska yana tsawaita nisan tsayawar mota, yana sa sitiyari ya yi nauyi a kwana, yana cinye gefen taya kafin lokacinta, kuma yana ƙara shan mai.

Saboda haka, shirun da dokar tarayyar Amurka ta yi a kan mai mota iyakar ikon gwamnati ne, ba shaidar cewa aikin ba shi da illa ba. Mai motar da batirin sensarsa ya mutu ya kamata ya sauya ta lokacin da yake sauya taya, tunda an riga an kwance ƙafar, wanda kuma ba shi da hali a yanzu ya bar fitilar ta ci gaba da faɗin gaskiya, ya sayi ƙaramin geji, ya riƙa auna tayoyinsa aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, da safe kafin su yi zafi. Mai sayar da mota wajibi ne ya gaya wa mai saye halin da tsarin ke ciki, makaniki da mai faci kuma su ƙi aikin ɓoye gargaɗi ko da babu hukumar da za ta ci su tara, domin mota ba direbanta kaɗai take ɗauka ba, kuma fasinjan da ke kujerar baya da mai tafiya a gefen titi ba a nemi yardarsu ba lokacin da aka yanke shawarar kashe na'urar.